Mercedes 280 SE ko Porsche 911 SC: wacce za ta iya zaman Damagaram?

Alhaji, tambayarka ta iso ni. Ka ce an yi maka tallar tsofaffin motoci biyu, Mercedes 280 SE ta farkon shekarun 1980 da Porsche 911 SC mai ƙofa biyu, kuma ɗaya kake da niyyar saye ka ajiye a nan Damagaram, don fitar Juma'a da ɗaurin aure, wani lokaci kuma tafiyar Maradi ko Yamai. Kana son sanin wacce ta fi. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, Mercedes ɗin za ka ɗauka. Amma tun da kuɗi ne masu nauyi za su fita, kuma na lura zuciyarka ta karkata ga ƙaramar, bari in shimfiɗa maka dalilaina, ta yadda ko wani ya zo gobe yana zuga ka, kana da abin auna maganarsa.

Kowace a cikinsu da aikin da aka ƙera ta domin shi. Mercedes ɗin da aka nuna maka tana cikin jerin da kamfanin ke kira W126, wanda aka fara baje kolinsa a Frankfurt a 1979, aka ci gaba da ƙerawa har 1991. Bruno Sacco ne ya jagoranci zana surarta. Masu ƙofa huɗu kaɗai an yi fiye da 800,000, kuma shugabannin ƙasa da ministoci da manyan 'yan kasuwa aka yi wa ita, mutanen da ke son su yi tafiyar yini guda su sauko rigarsu ba ta yamutse ba. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.8, ƙarfin doki 185. Ita kuwa 911 tun 1963 aka fito da ita, samfurin SC kuma daga 1978 zuwa 1983 aka yi shi, da inji lita 3 a can bayan tayoyin baya. Na farko-farko doki 180 ne, na ƙarshe 204. Nauyinta bai wuce kilo 1,200 da wani abu ba, alhali Mercedes ta haura kilo 1,500. An yi 911 ne don mutum ɗaya mai son tuƙi, a kan kwalta mai santsi, a ƙasar da zafi baƙo ne. Dokin sukuwa ce, ita kuwa waccan dokin hawan Sallah, wanda zai ɗauki sirdi da kayan ado da mahayi ya wuni a rana bai gaza ba.

Abu na farko da zai raba maka gardama ƙasa ce, wadda motar za ta taka. Ka tuna hanyar da ke tsakanin ƙofar gidanka da babban titi. Ka tuna lungunan Birni da na Zango, rairayin da ke taruwa a bakin kwalta, kwazazzabon da ruwan Agusta ke yankawa a tsakiyar unguwa, da tudun rage gudu da ke jiranka a kowane gari daga Takeita har Doso. Tsakanin cikin 911 da ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba. Kuma abin da ke can ƙasan ba ƙarfen banza ba ne. Akwai bututun baƙin mai guda biyu da suka bi ta gefen dama, daga inji a baya zuwa wurin sanyaya man a gaba. Na taɓa kwanciya ƙarƙashin wata da aka kawo mini tana zafi ba a san dalili ba, na bi bututun nan da yatsa har na iske inda ya lotse ya koma kamar an tauna shi. Mai faci ne ya sa jak a wurin da bai kamata ba lokacin cire taya. Mai ya daina zagayawa yadda ya kamata, mai motar kuwa yana ta tuƙi. Mercedes ma ba Hilux ba ce, doguwa ce kuma tana iya dukan ƙasa in an cika ta da mutane, amma tana da sarari, ƙafafunta suna da laushi, kuma abin da za ta fara bugawa yawanci salansa ne, wanda kowane mai walda a garin nan zai gyara maka kafin la'asar.

Sai zafi, kuma a nan nake son ka ba ni hankalinka sosai, don a nan ne ake yawan ruɗin mutane. Za a ce maka injin Porsche ba ya amfani da ruwa, iska ke sanyaya shi, saboda haka shi ya dace da ƙasar hamada, babu lagireto balle ya tafasa. Rabin maganar gaskiya ne. Babu ruwa, haka ne, har 1998 kamfanin bai sa wa 911 ruwa ba. Amma aikin da ruwa zai yi, iska da baƙin mai ne suka raba shi tsakaninsu. Shi ya sa take shan mai fiye da lita 10, a tanki na dabam, inda Mercedes ke ƙoshi da kimanin lita 6. Akwai babbar fanka a saman inji da ke tura iska ta ratsa ƙananan haƙarƙarin da ke jikin silinda, ta kwashe zafi. To a watan Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, iskar da fankar ke turawa ita kanta wuta ce. In kana gudu a fili da sauƙi. In ka maƙale a cunkoson kasuwar Dole tsakanin 'yan kabu-kabu da amalanke, allurar zafin mai za ta riƙa hawa kana kallo, ba ka da abin yi sai ka kashe ta.

Ƙura ta fi zafin ma illa. Tsohon injin 911 da wuya ka same shi ba ya ɗan tsatsafar mai ta wani wuri. Man nan ya jiƙa haƙarƙarin silinda, hunturu ya zo da ƙurarsa daga Disamba zuwa Fabrairu, fanka ta zuƙo ta ta watsa a kai. Abin da ke fitowa wani baƙin taɓo ne mai danƙo da ke toshe hanyoyin iska, kuma yana ƙarƙashin murfi inda ido ba ya kaiwa. Silinda ɗaya sai ta riƙa gasuwa ita kaɗai alhali allura tana nuna maka lafiya lau, domin ita allurar, zafin mai take aunawa, ba zafin kan silinda ba. Sannan bel ɗaya tak ke juya fankar nan. Ranar da ya tsinke a hanyar Tanut, in ba ka lura da jar fitilar da ta kama ba, mintoci kaɗan sun isa su gama da injin. A Mercedes in zafi ya tashi za ka gani, za ka tsaya, kuma maganinsa sananne ne: a wanke lagireto ko a sake shi, a duba kan fanka, a sa sabon tiyo. Yaron da ya yi shekara biyu a garaji ya san wannan.

Ko duba man 911 sai wanda ya sani. Ana duba shi ne inji yana aiki, ya yi zafi, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Wanda bai sani ba zai zaro sandar da safe inji a kashe, ya ga kamar babu mai, ya ɗura lita biyu ko uku, man ya bi ta hanyar iska ya shiga inji, mota ta kama hayaƙi. Ba laifin yaron gidan mai ba ne, haka ya saba yi wa kowace mota.

Na san abin da ke ƙara wa Porsche kwarjini a wurinmu. Dattawa suna tuna lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa ƙasar nan ta Agadas da Tenere, kuma gaskiya ne Porsche ta ci tseren a 1984 da 1986, duka biyun René Metge ne ke tuƙi. Sai dai motocin nan ba irin wadda aka yi maka talla ba ne. An ɗaga su sama sosai, tayoyinsu huɗu duka suna ja, kuma manyan motoci cike da kayan gyara da injiniyoyin kamfani suna biye da su, kowane dare a kwance abin da ya gaji a ɗaura sabo. In tarihin jure wahala ake nema, Mercedes ma tana da nata: 280 GE ce ta ci Dakar a 1983 a hannun Jacky Ickx, 280 E kuma ta ci tseren Landan zuwa Sidni a 1977. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, duka biyun injin da ke cikinsu dangin wanda ke cikin 280 SE ɗinka ne, wanda ake kira M110.

A wajen fetur kam, motocin biyu ciwonsu ɗaya. Dukansu suna amfani da tsarin raba mai na Bosch da ake kira K-Jetronic. Babu kwamfuta a cikinsa, matsin man ne da kansa ke tafiyar da komai. A tsakiyarsa akwai wani ƙaramin ƙarfe mai hawa da sauka cikin bututu, yana buɗe tsagogi sirara ƙwarai da man ke bi zuwa kowace silinda. Tsarin yana da aminci matuƙar man yana da tsabta. Ɗigon ruwa ya kwana a ciki, tsatsa ta kama. Ƙwayar rairayi ta wuce matata, ƙarfen ya cije. Saboda haka ko wacce ka saya, ka yi sallama da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, duk arahar da za a yi maka. Muna da matatar man fetur ta SORAZ a nan arewa da mu tun 2011, ka riƙa sha a gidan mai da ka amince da shi, ka riƙa canza matatar man da ke jikin motar tun kafin lokacinta ya yi. Kuma kada ka ajiye ta wata uku ba a tayar ba, don ajiya ta fi tafiya kashe wannan tsarin, man yana bushewa ya zama danƙo a ciki. Inda suka bambanta shi ne SC mai doki 204 an yi ta don man da lambar ingancinsa, wato oktan, ta kai 98. In ta sami wanda bai kai ba, ga zafi, inji zai riƙa ƙwanƙwasa, kuma ƙarar fanka da ke bayanka ba za ta bari ka ji ba. Mercedes ma mai mai kyau take so, amma in makanike ya ɗan ja lokacin wutarta baya takan haƙura. Za ka iya cin karo da 280 S, mai kafireta. Wasu na ganin ta fi sauƙi, amma kafiretar Solex da ke kanta tana da wuyar sha'ani in ta tsufa, ni na fi son SE da aka kula da ita.

Yanzu kayan gyara da hannun da zai taɓa ta, wanda a ganina shi ne ke yanke hukunci. Injin M110 ya zauna a cikin motocin Mercedes iri-iri na tsawon shekaru, kuma tsofaffin Mercedes sun cika Afirka ta Yamma. Abin da ka rasa a nan, Kano ba ta kai kilomita 250 ba, ka aika Ƙofar Ruwa a nemo maka, in ya faskara a tambaya a Legas. Akwai dattawan makanikai a garin nan da Maradi da suka girma a kan waɗannan injuna, da kunne kawai suke gane bawul ɗin da ke neman gyara. Porsche fa? Ko bel ɗin fanka sai an yi odarsa daga Turai ko Amurka, da kuɗin waje, ka zauna jiran jirgi. A 2023 kuma an rufe iyakarmu da Benin, hanyar Kwatano ta toshe, kaya masu nauyi suka koma yin dogon zagaye. Ga cututtukan da aka san SC da su: ƙusoshin da ke riƙe kan silinda suna karyewa, na'urar da ke ɗaure sarƙar inji tana saki ba sanarwa, akwatin iska na roba yana fashewa in wuta ta dawo baya lokacin tayarwa. Kowanne yana da magani, amma gyaran ƙusoshin nan sai an sauke injin gaba ɗaya an buɗe shi, da kayan aiki na musamman. Makanike mai gaskiya zai ce maka bai san ta ba. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda zai ce kawo, ya koyi aiki a kan motarka.

Kada ka ɗauka ina ce maka Mercedes ba ta da matsala. Mota ce da ta haura shekara 40. Duk wani abu na roba a jikinta ya gaji: tiyo, robobin ƙafa, robar da ke haɗa giya da sandar da ke juya tayoyin baya, robobin ƙofa da ke hana ƙura shiga. Makullan ƙofofinta da iska suke aiki ta cikin siraran bututu, haka ma laushin canjin giyar otomatik ya dogara da iskar da inji ke zuƙa, ɗaya ya tsage sai ka ga giya tana duka. Wuyan lagireto na roba ne, yana ƙonewa ya karye. Rana tana tsaga gaban mota da katakon adon ciki in ba a rumfa take kwana ba. Na'urar sanyinta da tsohon gas R12 aka yi ta, sai an juya ta zuwa R134a, amma in an yi aikin da kyau tana sanyaya mota har kujerar baya. Ta 911 kuwa ko tana sabuwa ba a yabe ta ba. Kuma Mercedes ɗin tana shan mai, ka sa ran lita 13 zuwa 15 a kilomita 100, sai dai tankinta lita 90 ne, daga nan za ka wuce Konni ba ka nemi gidan mai ba. Gargaɗi ɗaya: in dillali ya ce ga 500 SEL ko 560 SEL, ta fi girma ta fi ƙarfi, ka tsaya a kan mai silinda shida. Masu silinda takwas suna da robobin da sarƙar inji ke bi a kai, in suka tsufa suka karye bawul da fistan ne ke haɗuwa, wasunsu kuma ƙafafunsu da matsin mai suke aiki, gyaransu sai Allah.

Ita ma Porsche in ba ta haƙƙinta. Wanda ya taɓa tuƙa lafiyayyar 911 a hanya mai kyau ba ya mantawa. Sitiyarinta babu na'urar taimako, duk abin da tayar gaba ta taka kana jin sa a tafin hannunka, kuma ƙarar injin nan daga bayanka in ya haura juyi 4,000 a minti abu ne mai shiga rai. Ban ga laifin wanda ya so ta ba. Amma nauyin nan da ke baya yana da sharaɗi: in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka ɗaga ƙafa daga totur, bayanta ne zai zagayo gaba. A kwaltarmu da iska ke shimfiɗa wa rairayi, ga jakuna da awaki da raƙuma masu tsallakawa ba sallama, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma SC ba ta da birkin ABS sam, wato mai hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Mercedes tun 1978 ta fara sa ABS a manyan motocinta, a 1981 kuma W126 ta fara zuwa da jakar iska mai kare direba a haɗari ga wanda ya biya, sai ka duba ko taka tana da su. Sannan ka dubi rayuwarka. Kujerun bayan 911 ko yaro ɗan shekara goma a takure zai zauna. Da babbar riga da hula za ka sunkuya ka shiga, Hajiya kuma ba za ta yarda ta bi ka Yamai a ciki ba, tafiyar kusan kilomita 900. A Mercedes za ka ɗauki aminai uku zuwa ɗaurin aure a Mirya, kowa ya sauko da mutuncinsa.

Batun kuɗi akwai abin lura. A Turai lafiyayyar 911 SC dubun-dubatar yuro ake sayar da ita, kuma yuro 50,000 kusan miliyan 33 ne na sefa. 280 SE ba ta kai kusa da haka ba. Wannan ne ke sa wasu cewa Porsche jari ce. Jari ce ga wanda ke da takardun tarihin gyaranta tun daga farko, yake kuma zaune kusa da masu saye. A nan wa zai saye ta daga hannunka? Kuma in an kawo maka ita da farashin da ya yi daɗi da yawa, ka tambayi kanka dalilin da ya sa mai ita bai sayar a can inda ake rububinta ba. Araha ba ta ado. Ko dai injin ya gama, ko an yi haɗari da ita an lulluɓe da fenti, ko takardunta ba su da tsabta.

Ranar da za ka je ganin Mercedes ɗin, ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, sannan a murza makulli kana tsaye a baya kana kallon hayaƙi. Lambar jikin 280 SE tana ɗauke da 126022, ka gwada ta da abin da ke cikin takarda harafi bayan harafi, ka kuma je duwan, wato kwastan, da kanka ka ji abin da za a biya kafin ka ba da ko dala. Kada lambar kilomita ta ruɗe ka, ƙaramin haƙorin roba da ke juya ta yana karyewa ta tsaya cak shekara da shekaru. Ka fi gaskata lalacewar kujerar direba da robar feda. Motar da ta fito daga Turai gishirin da suke zubawa a hanya lokacin sanyi yana cin ta, saboda haka a ɗaga ta a duba wuraren sa jak, a ɗaga shimfiɗar but a duba ƙarƙashin gilashin baya. A zaro sandar man giya: ja mai haske ake so, in ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka rage kuɗin gyaran giya daga farashi ko ka haƙura da ita.

Gwajin ƙarshe da tsakar rana ake yin sa. Ku kunna na'urar sanyi, ku hau hanyar Takeita ku yi tafiya mai ɗan nisa da gudu, ku dawo cikin gari, ku tsaya a rana inji yana aiki kamar minti 15. Allurar ruwa ta zauna tsakanin 80 da 100, fankar gaba ta kama da kanta in zafin ya ƙaru. Bayan haka ka kashe ta, ka jira minti 20, ka sake tayarwa. In ta yi ta gurnani kafin ta kama, matsin fetur ne ke zubewa, yawanci daga wata 'yar tukunya da ke kusa da famfon mai a ƙarƙashin baya, kuma canza ta ba wani babban aiki ba ne. In ta wuce waɗannan, ka saya, amma ka ware kuɗi a gefe tun ranar farko don a sauke tanki a wanke, a sake duka tiyo da bel da matatu, a zuba sabon man birki, a kuma sa mata tayoyi sababbi ko da na jikinta suna da sauran zane, don tayar da ta shekara goma a ajiye ba ta jure kwaltar watan Mayu.